Shin Sai Na Daina Cin Mai Kafin Na Rage Ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 38, kuma yau wata huɗu ke nan da na daina sa mai a girkina saboda ina son rage ƙiba. Komai da ruwa nake dafawa, ko ƙwai zan ci sai na cire gwaiduwar. Da farko na sauke kilo uku, daga nan ma'auni ya tsaya cik, ga yunwa da ke addabata har nakan tashi cikin dare in ci burodi ko biskit. Wata ƙawata ta ce ni ce ban gane ba, wai sitaci, irin na shinkafa, tuwo da burodi, shi ne kaɗai ke sa ƙiba, ita kitse da man shanu take ci son ranta kuma tana ramewa. Wace ce ke kan daidai a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ke da ƙawarki kowacce ta riƙe gefe guda na gaskiya ta saki ɗayan, kuma a ganina ke ce kika fi wahalar da kanki.

Tsoron da kike yi wa mai yana da tushe. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), alhali giram ɗaya na sitaci ko na furotin kalori 4 ne kawai. Cokalin cin abinci guda na mai, kowane iri ne, ya kai kimanin kalori 120. Mai girkin da ta karkata kwalba a kan tukunya tana hira, ta bar man ya malala har ya rufe gindin tukunyar, tana iya zuba cokali biyar ko shida ba tare da ta lura ba, kuma wannan kaɗai ya kai nauyin cin abinci sau ɗaya. Saboda haka rage mai hanya ce mai sauƙi ta rage abin da ke shiga ciki.

Inda kika zarce shi ne daina shi baki ɗaya. Bitamin A, D, E da K a cikin maiƙo suke narkewa, don haka wanda ya ci karas da ganye babu ko ɗigon mai ba ya samun cikakken amfaninsu. Akwai kuma nau'o'in maiƙo biyu, omega 3 da omega 6, waɗanda jiki ba ya iya ƙera su da kansa, dole sai daga abinci. Matsarmama ma tana buƙatar maiƙo ya iso hanji kafin ta matse ta saki ruwan da ke cikinta, shi ya sa masu ramewa da gaggawa a kan abinci marar mai sam sukan fi fuskantar haɗarin tsakuwar matsarmama. Yunwar dare da kika ambata kuwa ba abin mamaki ba ce, domin maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga ciki. Kin cire cokali biyu na mai da rana, kin mayar da gurbinsu da burodi da biskit cikin dare, kuma biskit ɗin, in kin duba bayan ledarsa, da mai da sukari aka kwaɓa shi. Ina kyautata zaton nan ne ma'auninki ya maƙale.

Ita kuma ƙawarki, ramewarta gaskiya ce, fassarar da ta yi mata ce ke da gyara. Wanda ya yanke sitaci yakan sauke nauyi da sauri a makonnin farko, amma kaso mai yawa na wannan nauyin ruwa ne, saboda sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka tare da ruwa yake ajiye shi. Bayan haka, idan ta ci gaba da ramewa, dalilin shi ne jimillar abin da take ci ta ragu, tun da ta bar lemon kwalba, kayan zaƙi da kayan fulawa. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Christopher Gardner, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609 na tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage mai sun sauke kimanin kilo 5.3, waɗanda suka rage sitaci kuma kimanin kilo 6, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. Abin lura shi ne an umarci ɓangarorin biyu su yawaita kayan lambu, su rage sukari da fulawar da aka tace.

Abin da ya fi damuna a maganarta shi ne cin kitse da man shanu son rai, domin ma'auni ba ya nuna abin da ke faruwa a jijiyoyin jini. Maiƙon da ke daskarewa idan ya huce, irin su kitsen nama, man shanu da man kwakwa, yana ɗaga kolestirol mai cutarwa, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyi har ya kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda ke zama ruwa, kamar man zaitun, man waken soya da maiƙon da ke cikin kifi, gyaɗa da fiya, yana sauke kolestirol ɗin idan aka sa shi a madadin mai daskarewa. Mafi muni shi ne wanda ake kira tirans, da ake samu idan masana'antu suka daskarar da man tsirrai da iskar haidurojin don kayan gashi su daɗe ba su lalace ba. Ƙasar Denmak ta taƙaita shi da doka tun 2003, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abincin duniya. Shawarar hukumar ga manya ita ce kada maiƙo gaba ɗaya ya wuce kashi 30 cikin 100 na kalorin yini, mai daskarewa kada ya wuce kashi 10, tirans kuma ya gaza kashi 1.

Ga mai cin kalori 2,000 a rana, kashi 30 ɗin ya kama giram 65 zuwa 67, wato kusan cokali biyar, amma fa har da maiƙon da ke ɓoye cikin nama, madara, ƙwai da gyaɗa. Don haka ki dawo da mai girkinki, ki riƙa auna shi da cokali, biyu ko uku a yini na kasonki, ki zaɓi wanda ba ya daskarewa, ki ci ƙwanki da gwaiduwarsa, ki sa kifi sau biyu a mako, ki rage suya cikin mai mai zurfi. Saukar rabin kilo a mako ta wadatar. Idan kina da ciwon sukari, hawan jini ko tarihin ciwon zuciya a danginku, ki ga likita a auna miki kolestirol kafin ki sauya tsarin cin abincinki, kuma ki ja hannun ƙawarki ku tafi tare, domin ita ce ta fi buƙatar wannan awon.