Tambaya da Amsa: Shin Ɗa Yana Gadon Halin Ubansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya'ya maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara biyu ce tsakaninsu. Babban mai sanyin hali ne, amma ƙaramin, wanda yanzu yake da shekara 9, abu kaɗan yake tunzura shi, idan kuma ya fusata sai ya yi jifa da duk abin da ke hannunsa. Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafin zuciya, shi ya sa wasu daga cikin dangi suke cewa yaron gado ya yi, hali kuma zanen dutse ne, in daina wahalar da kaina. Wasu kuma suna cewa ni ce na sangarta shi bayan rasuwar uban. Don Allah wanne ne gaskiya? Hali a jini yake, ko tarbiyya ce take gina shi?
Daga wata uwa mai damuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya miki yaran. Waɗanda suka ce akwai gado a cikin lamarin suna da wani kaso na gaskiya, amma sun kauce a inda suka ce ki sallama. Waɗanda suka ɗora miki laifi kuwa hujjarsu ta fi rauni, domin hannun da ya reni ƙaramin shi ne ya reni babban, ga shi kuma babban bai tashi da wannan hali ba.

Masana sun daɗe suna neman hanyar da za su raba abin da mutum ya zo da shi daga ciki da abin da rayuwa ta ɗora masa. A shekarar 1875 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, wanda ɗan'uwan Charles Darwin ne, ya kawo shawarar a duba tagwaye. Shi kansa Galton ya wuce gona da iri wajen ɗaukaka gado, har ya assasa aƙidar zaɓen waɗanda suka cancanci su haihu, aƙidar da daga baya ta zama sanadin zalunci mai yawa a Turai da Amurka, amma dabarar nazarin tagwaye ta ci gaba da amfani har yau. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya da ya rabu biyu, su kam ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne baki ɗaya, akwai kuma waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, waɗanda kamar sauran shaƙiƙai suka yi tarayya a kusan rabin ƙwayoyin gadon da ke bambanta mutum da mutum. Idan duka nau'o'in biyu sun tashi a gida ɗaya, amma aka ga tagwayen ƙwai ɗaya sun fi kama da juna a ɗabi'a, to ana iya cewa gado ne ya kawo ratar, kuma abin da aka yi ta gani ke nan a ƙasashe da dama.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowanne ya tashi a hannun wasu iyaye. A shekarar 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota da ke Amurka ya fara tattaro irin waɗannan tagwaye bayan sun girma, yana auna lafiyarsu da basirarsu da halayensu, kuma zuwa 1990 ya bincika fiye da tagwaye 100. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, tagwayen ƙwai ɗaya da ba su tashi tare ba sun yi kama da juna a hali kusan daidai da waɗanda suka tashi a ɗaki ɗaya. A shekarar 2015 kuma aka haɗa sakamakon bincike 2,748 da aka yi a kan tagwaye sama da miliyan 14 cikin shekara 50, aka samu cewa idan an ɗauki siffofin ɗan Adam jimla, gado yana bayanin kusan kashi 49 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane. A kan halaye kaɗai, irin su saurin fushi da kunya da son shiga jama'a da tsare aiki, adadin da aka fi samu yana kusa da kashi 40 cikin 100.

Ina so ki tsaya a kan ma'anar wannan adadi, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da masu ilimi. Adadin yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin jama'a masu yawa a wani wuri da wani zamani, ba ya nufin kashi 40 na halin ɗanki daga ubansa ya zo, saura kuma daga gare ki. Haka nan, kasancewar abu na gado ba ya nufin ba ya sauyawa. Tsawon jiki ya fi hali bin gado nesa ba kusa ba, domin ana ƙiyasta kason gadonsa da kusan 80 cikin 100, amma duk da haka matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kusan santimita 20 a matsakaicin tsawo cikin ƙarni guda, saboda abinci da kiwon lafiya sun inganta, alhali ƙwayoyin gadonsu ba su sauya ba. Idan har tsawo yana iya motsawa haka, ba hujja ba ce a ce fushin yaro ɗan shekara 9 ya riga ya daskare.

Sannan babu wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a nuna a ce ita ce ta fushi. Mutum yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000, kuma a wani bincike na shekarar 2018 da ya shafi mutane kusan 450,000, an gano wurare 136 a cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, da ke da alaƙa da saurin damuwa da ɓacin rai, kowannensu da ɗan tasiri ƙanƙani ƙwarai. Kowane yaro yana karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma haɗin da ɗaya ya samu ba shi ne ɗan'uwansa ya samu ba. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa 'ya'yanki biyu suka bambanta, ba tare da an nemi mai laifi ba.

Abin da yaro yake gada shi ne yanayin zuciya, wato saurin tunzura da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce. Likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bin diddigin yara fiye da 130 a birnin New York tun daga 1956, suka ga cewa tun a jarirantaka kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne, kusan kashi 10 masu wuya, kusan kashi 15 kuma sai a hankali suke sabawa da sabon abu. Babban abin da suka gano shi ne, makomar yaro mai wuyar reno ta dogara sosai ga yadda renon ya dace da yanayinsa. Saboda haka yana yiwuwa ɗanki ya gaji saurin hasala, amma jifa da kaya da zagi da duka hanyoyi ne da ake koya, kuma abin da aka koya ana iya koyon waninsa a madadinsa.

Dole kuma in faɗa miki wani ɓangare da iyaye ba su cika son ji ba, ko da yake a ganina akwai sassauci a cikinsa gare ki. A shekarar 1987 Robert Plomin da Denise Daniels suka nuna cewa abubuwan da yaran gida ɗaya suka yi tarayya a ciki ba su cika sa halayensu su yi kama ba, har ma yaran da aka ɗauko riƙo suka tashi tare ba tare da dangantakar jini ba, in sun girma kamanninsu a hali kaɗan ne. Abin da ya fi tasiri shi ne abin da ya keɓanci kowane yaro, kamar abokansa da malamansa da rashin lafiyar da ya yi, da kuma yadda shi ya fahimci abin da ya faru a gida. Wannan yana nufin a cikin gidajen da ake kula da yara daidai gwargwado, ɗan bambancin salon tarbiyya ba shi ne yake mayar da mai sanyi ya zama mai zafi ba. Amma fa lamarin yana da iyaka. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara a gidajen marayu cikin mummunan sakaci, kuma binciken da Michael Rutter ya jagoranta a kan waɗanda aka kai riƙo Ingila ya nuna cewa waɗanda suka wuce wata 6 a cikin wannan hali, da yawansu sun ci gaba da fama da matsalar nutsuwa da ta mu'amala har suka girma. Sakaci mai tsanani da cin zarafi suna barin tabo ko da wane irin gado yaro ya zo.

Akwai wani abu a cikin wasiƙarki da nake ganin dangi sun tsallake, wato rasuwar mahaifin. Yara da yawa ba su iya bayyana baƙin ciki da baki, sai ya fito musu ta fushi da taurin kai, kuma mutuwa ɗaya ba ta taɓa yara biyu iri ɗaya, musamman da yake shekarunsu sun bambanta. Ki tuna ko fushin ya tsananta ne bayan rashin, domin idan haka ne, wani ɓangare na abin da ake kira gado jimami ne.

Shawarata ta farko ita ce ki roƙi dangi su daina cewa ya gaji ubansa a gabansa, domin yaron da ya rasa uba yana iya rungumar wannan siffa a matsayin abin da ya rage masa na mahaifinsa. Ki riƙa ba shi labarin kyawawan halayen marigayin, ya samu wani abin da zai riƙe. Abu na biyu, masanin halayyar yara Gerald Patterson na jihar Oregon da ke Amurka ya bayyana yadda fushi yake samun gindin zama a gida: yaro ya yi ihu, babba ya mayar da ihu, yaro ya ƙara, a ƙarshe babba ya gaji ya ba shi abin da yake so, sai yaron ya koyi cewa ƙara zafi yana biyan buƙata. Don haka kada ki yi jayayya da shi yana cikin fushi, kada kuma ki janye dokar da kika kafa saboda ya fusata. Ki bari ya huce, sannan ki sa ya gyara abin da ya ɓata, ki kuma yaba masa a fili duk ranar da ya haɗiye fushinsa. Idan yana jin wa kansa ko wasu rauni, ko makaranta ta fara kokawa, ki kai shi wurin likitan yara ko masanin halayyar yara.

TAMBAYA: Malam, shekarata 27, kuma ina da tsananin kunya irin ta mahaifiyata, har ina kasa magana a taron wurin aiki. Shin wanda ya kai shekaruna yana iya sauyawa?
Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan'uwa, kana iya sauyawa, ko da yake ba lallai ba ne ka koma mutum mai yawan surutu. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gano cewa kusan kashi 20 cikin 100 na jarirai 'yan wata 4 suna firgita sosai da sabon abu, kuma irinsu sun fi zama masu kunya daga baya, amma akasarinsu ba su dawwama cikin matsananciyar kunya ba. Binciken Brent Roberts da abokan aikinsa na 2006 ya nuna cewa halaye sun fi sauyawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, inda mutane kan ƙara nutsuwa da ƙarfin gwiwa a cikin jama'a, wato kana tsakiyar lokacin ne yanzu. A 2017 kuma suka duba bincike sama da 200, suka samu cewa zama da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa na 'yan watanni yana rage saurin fargaba sosai. Ka fara da rubuta magana ɗaya kafin kowane taro, ka faɗe ta da wuri kafin fargabar ta taru, sannan ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Idan kuma abin ya kai ga kana ƙaurace wa aiki ko kana kasa barci kafin taro, wannan ya wuce kunya ta yau da kullum, kuma yana da magani a wurin likita.