Tambayi Magatakarda: Ƙanena ya fito daga gidan yari ba takarda, ina za mu samo ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Magatakarda. Ni ce babba a ɗakinmu, mahaifinmu ya rasu. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya, jami'an tsaro suka tare ƙanena da galan biyu na fetur a kan babur. Na injin niƙan mahaifiyarmu ne, amma suka ce 'yan bindiga yake kai wa. Ya kwana tara a caji ofis, aka kai shi wata kotu a Gusau, daga nan sai gidan yari. Bayan wata bakwai ya dawo gida ba ko takarda ɗaya a hannunsa. Abin da ya iya gaya mana kawai shi ne alƙali ya ce ya tafi. Yanzu yana neman aure, har an kai gaisuwa, sai baffan yarinyar ya ce ba za su ba infoma 'yarsu ba, sai mun kawo shaidar cewa kotu ta wanke shi. Ni ban san kotun ba, shi ma bai riƙe ba. Daga ina za mu fara? Yayarsa, daga ƙaramar hukumar Bunguɗu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi wa ƙanenki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin kotu, tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a yanke mana Zamfara a 1996, kuma masu irin damuwarki da suka tsaya gaban teburina ba za su ƙirgu ba. Mutum ya fito daga kaso, murnar ganin titi ta hana shi waiwaye, sai bayan shekaru aure ko neman aiki ya taso a ce masa ina takarda.

Ki kwantar da hankalinki, rubutun yana nan. Sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa duk kotun da ta yi wa mutum shari'ar laifi ta rubuta abin da ya gudana, ya kuma ba wanda aka tuhuma, ko wanda ya wakilta, haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana bakwai da ƙare shari'ar. Wannan wa'adi kotu aka ɗora wa, ba ku ba, don haka wucewar shekaru ba ta kashe haƙƙinsa ba.

Tunda ba ku san kotun ba, kada ku yi ta yawo daga wannan zaure zuwa wancan. Ku fara da gidan yari. Ganduroba ba ya karɓar mutum da baki, sai da takardar tsarewa mai sa hannun alƙali, kuma a jikinta akwai sunan kotu, lambar shari'a, laifin da ake zargi da ranar da aka kawo shi. Ranar fita ma da takarda ake sakin mutum. Ƙanenki ya je da kansa ofishin ajiye bayanai na gidan yarin da ya zauna, riƙe da katin ɗan ƙasa, ya nemi a duba masa abu biyu: sunan kotu da lambar shari'a. Ki taya shi lissafin lokaci kafin ya tafi. Wata bakwai daga Satumba ya faɗa wajen Afrilun 2022, cikin azumin waccan shekarar ke nan. Ya tuna, da bakin azumi ya fito ko ana jajibirin salla? Wannan kaɗai zai rage wa ma'aikaci buɗe shafi ɗari.

Lambar nan ita ce mabuɗi, bari in gaya miki dalili. Rajistar laifuka ta kotu ƙaton littafi ne mai kaurin bango, an tsaga kowane shafi gida-gida: lamba, rana, mai ƙara, wanda ake tuhuma, laifi, sai gidan ƙarshe na yadda aka rabu. Da hannu ake cika shi, bi da bi yadda ƙararraki suka shigo, ba bisa haruffan suna ba. A shekara guda za ki iske mutum goma masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Wanda ake kira Mamman a gida, ɗan sanda ya rubuta shi Mohammed, akawu ya kwafa Muhammadu. Na taɓa kwana biyu ina neman fayil ɗin wani bawan Allah, ashe da laƙabinsa na tasha aka shigar da shi. Don haka ya faɗi duk sunan da aka san shi da shi.

In an samu lamba, sai ya rubuta wa magatakardan kotun wasiƙa gajeriya, yana neman tabbataccen kwafi, wanda lauyoyi ke kira CTC, na abu uku: takardar ƙarar da 'yan sanda suka shigar, wato FIR, da bayanan zaman kotu, da umarnin ƙarshe da alƙali ya bayar. Idan ke za ki je a madadinsa, ya ba ki takardar wakilci da sa hannunsa. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya fayyace abin da ke mai da kwafi tabbatacce: rubutun shaida cewa daidai yake da na asali, kwanan wata, suna da muƙamin jami'in da ya sa hannu, da hatimi. Ki duba waɗannan da idonki kafin ku bar harabar kotu. Hoton shafi da wani masinja ya ɗauko muku a waya ba ya tsayawa a ko'ina. Akwai kuɗin hukuma da ake biya, ku biya ku karɓi rasit, kuma ku riƙe kwafin wasiƙarku da tambarin ranar da aka karɓe ta.

Sai haƙuri. Alƙalanmu na ƙananan kotuna da biro suke rubuta shari'a, sai an nemo littafin, a buga, a karanta a gwada da na asali. In aka ce fayil ya ɓace, kada ku juya. Na yi aiki a kotun da rufin sito ya yi yoyo, gara ta cinye ɗaurin fayil na shekara guda, amma littafin alƙali daban yake, rajista ma daban, da wuya su salwanta tare. Idan aka yi ta yi muku gobe-jibi, a rubuta wa Babban Magatakardan Babbar Kotun Jiha a Gusau, domin kotunan majistare a ƙarƙashinta suke. In kuwa kotun shari'ar Musulunci ce, ƙorafi ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wajen Alƙalin Alƙalai.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki. "Alƙali ya ce ya tafi" magana ce mai fuska da yawa, kuma ina so ki san su tun kafin takarda ta zo hannunki, kada ki yi wa baffan yarinya alƙawarin abin da ba ki gani ba.

Mai yiwuwa an saurari shaidu, alƙali ya sallame shi ya kuma wanke shi. Wannan ita ce wankewa ta gaskiya, kuma sashe na 36(9) ya hana a sake gurfanar da shi kan wannan laifin, sai fa da umarnin kotu ta sama. Mai yiwuwa kuma ɗan sanda mai gabatar da ƙara ne ya yi ta fashin zuwa, ko shaidu suka ƙi bayyana, alƙali ya gaji ya kori ƙarar. Nan an sallame shi ne kurum, a ƙa'ida ana iya dawo da ƙarar, ko da yake ba kasafai ake yi ba. Akwai ta uku: zargi mai nauyi irin na taimakon 'yan bindiga yakan fi ƙarfin majistare, sai a ajiye mutum a gidan yari a aika fayil Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin gwamnati su duba. In suka ba da shawarar cewa babu hujjar tuhuma, a sake shi. Idan haka ne, ku roƙi a haɗa muku da kwafin wannan shawara, domin a wurina tana da nauyi ƙwarai: gwamnatin da ta kama shi ce da kanta ta ce ba ta da abin riƙe shi. Wani kuma Babban Jojin jiha ne ke sakinsa a ziyarar rage cunkoson gidan yari.

Ta ƙarshe ita nake tsoro. Beli. Yaro da ba ya jin Turanci, a tsaye cikin akwatin kotu, tafinta ya ce masa "an ba ka beli, ka tafi", shi kuwa "tafi" kawai ya ji. Ki tambaye shi a tsanake: akwai wanda ya tsaya masa ya sa hannu, ya ba da hoto? An faɗa masa ranar dawowa? In beli ne, to shari'a ba ta mutu ba, kuma zai yiwu an ba da sammacin kamo shi saboda rashin zuwa. Idan kika ji alamar haka, kada ya tunkari kotu shi kaɗai. Ku fara zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Gusau, wadda aka kafa tun 1976 don marasa halin ɗaukar lauya, lauyansu ya shige gaba ya nemi a rufe maganar yadda ya kamata.

Game da caji ofis kuwa, suna da littafin da suke shigar da kowane kamu, amma ba a miƙa wa jama'a shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata a rubuce, sai dai ta ba ta damar hana abin da ya shafi bincike ko sirrin wani. Ba na ba ku shawarar ɓata lokaci a nan. Littafin caji ofis zargi kawai zai nuna, ba zai nuna yadda aka ƙare ba.

Ranar da takarda ta fito, kada ki saka ta a Facebook ko WhatsApp don huce haushi. Ki ba kawunku ko wani dattijon gidanku, ya ɗauki limami ko mai unguwa da wanda zai fassara Turancin kalma da kalma, su je zauren baffan yarinya a karanta a gabansa. Ko da kora ce ba wankewa ba, a faɗa masa gaskiya, a kuma nuna masa cewa babu kotun da ta kama ƙanenki da laifi. Sashe na 36(5) ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Ki sake rubuto mini in kun samo lambar.

TAMBAYA: Malam, wani yaro ne ke neman 'yata. Ya yi shekara shida yana aiki a Legas, sai nake jin ƙishin-ƙishin wai an taɓa ɗaure shi a can. Akwai inda zan ba da sunansa a duba mini? Wani uba daga Gummi.

AMSA: Alhaji, binciken mai neman aure haƙƙinka ne, amma babu wani ofis ko shafin intanet a ƙasar nan da za ka ba da sunan mutum a zazzago maka tarihinsa. Kotu a bainar jama'a take zama, hukuncinta kuma takardar hukuma ce da ake iya neman kwafinta, sai dai dole ka san wace kotu da wace shekara, kuma Legas kotunan majistarenta suna da yawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta bakin yaron. Ka sa waliyyinsa ya tambaye shi kai tsaye. In kana son takarda, shi da kansa zai iya neman shaidar hali ta 'yan sanda ta shafinsu na POSSAP, a ɗauki zanen yatsunsa a gwada da babbar rajistar masu laifi da ke Alagbon a Legas, irin wadda masu fita waje ke karɓa. Ka sani dai iyakarta abin da ya isa rajistar. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ce a aika hukunci can cikin kwana 30, amma a zamanin aikina hukunce-hukuncen ƙananan kotuna da yawa a littafinmu suke kwana. Kada ka ba wani ɗan sanda kuɗi wai ya leƙa maka a ɓoye, zai iya kawo maka laifin mai irin sunansa. Kuma kafin ka tabbatar, ka riƙe maganar tsakaninka da mahaifiyar yarinya, domin ɓata suna laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Mutanenmu na Gummi da Bukkuyum suna da yawa a Agege da kasuwar Mile 12, kuma kowace unguwar Hausawa a can tana da sarkinta. Ka tambayi yaron unguwar da ya zauna da sunan maigidan da ya yi wa aiki, ka sa wani naka ya je ya gaishe su.