Amsa: Yaya ɗan tayin ɓera ke sanin inda kai zai fito?

Ɗan'uwa daga Gusau, ka tambaya me ya sa kan ɗan tayin ɓera ke fitowa gaba, wutsiya baya, alhali duk ƙwayoyin jikinsa gado ɗaya suke ɗauke da shi. Tambayar ta yi min daɗi ƙwarai.

Sirrin yana ga wace ƙwayar gado ce ta farka, a ina, kuma yaushe. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne kacal. Wajen kwana na 6 da rabi ake fara shata gaba da baya, kafin kwana na 9 zuciya ta soma bugawa. Ƙwayoyin gado na Hox, guda 39 a rukuni 4, su ke raba wa kowace gaɓar ƙashin baya matsayinta, kamar yadda mai gona ke yanka wa 'yan gayya kunya-kunya. In aka kashe waɗanda ake kira Hox10 a cikinsu, sai haƙarƙari ya tsiro a ƙugu, inda bai kamata ba.

Wata ƙwayar gado mai suna Pax6 kuwa ido take ginawa. Ɓeran da ya rasa kwafi biyunta ba ya yin ido sam. Mu ma muna da ita, shi ya sa nake roƙonka kada ka raina darasin nan.