Doguwar sandar sifirin a fistol: ta cancanci kuɗinta?

Yallaɓai, ka ce kana aikin tsaro a wajen Ringim, kana tambaya ko sauya gajeriyar sandar da sifirin (wanda ke mayar da saman bindiga wurinsa bayan harbi) ke hawa da doguwa zai ƙara wa fistol saiti. A ganina, da wuya.

Wannan muhawara kusan duk a kan samfurin fistol da ake kira 1911 take, wanda John Browning ya ƙera da gajeriyar sanda. Sojan Amurka sun riƙe shi a haka daga 1911 har 1985. Masu sayar da doguwar na cewa tana hana sifirin lanƙwashewa, alhali sifirin yana cikin rami ne, ina zai lanƙwashe ya je? Amfaninta na gaskiya ɗan nauyi ne a gaba, mai rage ɗagawar bakin bindiga kaɗan, abin da 'yan gasar harbi ke so. Kai kuwa wahalar kwancewa za ta ƙara maka, don wasu sai da ɗan makulli, ga ƙurar hunturu da ke sa goge-goge kullum. Fistol samfurin Glock kuma da doguwar ake ƙera ta tun asali.

Kuskuren da aka fi yi: bindiga na cijewa a ɗora wa sanda laifi, alhali sifirin ne ya gaji ko datti ya taru.

In ta gwamnati ce, kada ka sauya komai, kai wa jami'in ma'ajiyar makamai. Farar hula kuma su sani, a dokar makamai ta Najeriya ta 1959 sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallakar fistol.