Daga Labarin Tafiya Zuwa Son Muƙala

Malama, kin ce wani littafin labarin tafiya ne ya sa miki sha'awar muƙala, wato gajeren rubutun zube da marubuci yake bayyana ra'ayinsa a kan wani batu, kina tambayar ta ina za ki fara. Ni ma ta wannan ƙofa na shigo, lokacin da na karanta Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, a kan zuwansa Ingila a 1943. Abin da ya fi kama hankalina shi ne wuraren da yake dakatawa ya gwada abin da ya gani da abin da ya baro a gida, domin daga nan muƙala take tsirowa.

Saboda haka ki koma wa littafin naki, ki sa alama a irin waɗannan wurare, sannan ki ziyarci hasumiyar Gobarau ta Katsina ko rijiyar Kusugu ta Daura, ki rubuta shafi ɗaya a kan tunani ɗaya tak. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne jibga bayanai ba tare da nasu ra'ayin ba. In kin kammala, ki nemi malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su duba miki ƙa'idojin rubutu.