Tambaya da Amsa: Yin biki a tsohon gidan sarauta na karkarar Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. A Birmingham muke zaune, 'yata za ta yi aure a watan Yuli. Ta ga hoton wani tsohon gidan masu sarauta a ƙauye, ta kafe sai can. Muna sa ran mutum 300. Me za mu duba kafin mu ba da kafin alƙalami?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, irin waɗannan gidaje ana lallaɓa su ne kamar ƙwai. Yawancinsu suna cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke kula da ita, kuma doka ta hana a taɓa gininsu ba da izini ba. Daga nan duk ƙa'idojinsu suka samo asali, kuma akasarinsu suna cin karo da yadda muke biki.

Ki fara da yawan jama'a. Zauren da ya yi girma a hoto, da wuya ya ɗauki 300 a zaune. Adadin da za su faɗa miki na ƙa'idar kashe gobara ne, ba a roƙon ƙari, kuma har da yara a ciki. Ki tambayi adadin masu cin abinci a zaune bayan an ware wurin zaman ango da amarya da filin rawa, don shi ne na gaskiya. Idan bai kai ba, sai kafa tanti a lambu, shi kuwa yana jawo janareta da banɗakin haya da shimfiɗar katako, kowanne da kuɗinsa. Al'adarmu ta wanda aka gayyata ya zo da mutum uku ba ta aiki a nan.

Sai abinci, inda aka fi samun saɓani. Gidaje da yawa suna da jerin masu girkin da suka amince da su, ba sa barin na waje. Ki tambaya ko suna ba da hayar wurin zalla ki kawo mai girkinki. In sun yarda, za su nemi takardar inshorarsa da ta tsaftar abinci, kuma mai yiwuwa ba za su ba shi kicin ba, sai ya kafa nasa a tanti. Waina da ƙosai suna son suya nan take, don haka ki ji ko an yarda da tukunyar gas. In nasu masu girkin ne, a rubuta a yarjejeniya cewa naman halal ne da inda za a sayo shi. Sannan ki sani ribarsu mai yawa daga giya take. Idan kin ce babu giya, wasu za su sa mafi ƙarancin abin da dole a kashe a kan abin sha. Zoɓo da miyar manja suna tabo kamar jan giya, wasu ɗakunan za a hana shiga da su.

Turaren wuta ma ki ambace shi tun yanzu. Kaskon garwashi ɗaya ya isa ya tayar da na'urar gano hayaƙi, a fitar da kowa waje. Yawanci sun hana kyandir da duk wata wuta a fili, wasu har takalmi mai tsinin dunduniya saboda daɓen katako. Kiɗa kuma yana da lokacin tashi a lasisinsu, galibi wajen sha biyun dare, wasu kuma sun sa na'urar da ke yanke wutar lasifika in ƙara ta wuce kima. Ganga da kalangu ba sa bi ta lasifika, sai a tambaya daban.

Batun ɗaurin aure yana son natsuwa. Tun dokar 1994 ake yin auren hukuma a irin waɗannan gidaje a Ingila da Wales, in gidan yana da izini, amma ba a sa addini a cikinsa, kuma jami'in rajista daga ƙaramar hukuma ake kama shi, da kuɗinsa daban. Ana ba da sanarwar niyyar aure a ofishin rajista aƙalla kwana 29 kafin ranar, jiran yana iya kaiwa kwana 70 idan ango ko amarya na da batun biza. Ɗaurin auren da liman zai yi a can shi kaɗai bai zama aure a idon dokar Ingila ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020. Mafi sauƙi a yi na hukuma tukuna, a ɗaura a masallaci, a bar wa gidan walima.

Ki je da kanki ki gani, da dattijuwa ɗaya a tare. Ki ƙirga matakala da banɗaki, ki nemi ɗakin salla da inda za a yi alwala, don a Yuli magariba tana wuce ƙarfe tara, tsakiyar taro. Ki duba ko babbar mota za ta iya shiga hanyar, da inda baƙi za su kwana, tunda tasi tana wuyar samu a ƙauye da dare. Idan gidan na buɗe wa masu yawon buɗe ido, ki ji ƙarfe nawa suke fita da lokacin da masu ado za su shiga. A takardar farashi kuwa, ki tabbatar ko harajin VAT na kashi 20 yana ciki, nawa ne kuɗin ajiyar ɓarna, da abin da za a mayar miki idan an ɗaga ranar.