Ɗan Tahoua mai tuƙa bis a Faransa: yajin aiki ba shi ke kashe karti sejur ba

Saƙon wannan mako daga wani ƙanenmu ɗan Tahoua ne, direban bis a bayan garin Paris, yana zaune da karti sejur, wato takardar izinin zama a Faransa. Ya roƙi kar in faɗi sunanshi ko na kamfaninsu. Ga abin da ya rubuto, na ɗan rage mishi tsawo:

"Baba barka da aiki. Shekarata uku ina tuƙi, kontira CDI gareni, wato ta dindindin, kartina na salarie, wato na ma'aikaci, saura wata uku da kwanaki ya mutu. Sandikanmu na tattaunawa da patoro kan lokutan aiki, magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, yanzu sun ajiye sanarwar yajin aiki. Wallahi abin da suke nema gaskiya ne, ina fita 5 da rabi na asuba in sauka 9 da rabi, in zauna a depo har 3 na rana sannan in koma tuƙi har bayan magariba, wani tarminis ɗin ko bayi babu. Amma wani ɗan ƙasarmu da ke yi wa mutane takardu ya ce in na shiga kamfani zai kai sunana prefektir su hana ni sabon karti, ya ce in ba shi yuro 450 ya samo min randebu da wuri kuma ya gyara min dosiye. Yayana a gida shi ma ya ce bai yarda in shiga ba, ginin gida bai ƙare ba ga bikin ƙanwarmu bayan salla kuma dole in zo. Barci ya ƙaurace min Baba."

Toh ƙanena, Allah ya yaye maka. Na karanta saƙonka sau uku kuma abin da na gani shi ne tsoronka ya sauka inda babu rami, ramin gaske kuma kana shirin taka shi da ƙafarka, wato wannan mutumin mai yuro 450. Amma bari mu fara da yajin aikin tunda shi ya hana ka barci.

A Faransa yajin aiki haƙƙi ne da ke cikin tsarin mulkinsu tun gabatarwar kundin 1946, kuma dokar aiki ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Kowane ma'aikaci ko daga ina ya fito yana da damar shiga sandikan da ya ga dama, CGT ne ko CFDT ko FO ko wani, kuma ba a korar mutum don ya yi yajin aiki sai in ya tafka babban laifi da gangan a cikinsa, zan dawo kan wannan. Ga kuma abin da mai takardun naka bai gaya maka ba, ko dai bai sani ba ko ya ɓoye: doka ta hana kamfani rubuta kalmar yajin aiki a kan fish de pe, wato takardar albashi. Ranar da ka yi yaji za a yanke maka kuɗinta, wannan kam babu makawa, amma abin da zai fito a takardar shi ne rashin zuwa aiki da ba a biya ba, shikenan. Ma'aikacin prefektir da zai buɗe dosiyenka abin da ke gabansa fasfo ne da kontira da izinin aiki da shaidar mazauni da takardun albashi, yana so ya ga har yanzu aikin nan da aka ba ka karti dominsa kana cikinsa. Wanda ke yajin aiki kontiransa ba ta mutu ba, an dakatar da ita ne na kwanakin kawai, ma'aikacin kamfanin ne shi jiya da yau da gobe.

Amma aikinku na jigilar jama'a yana da nasa sharaɗi kuma a nan ne yaranmu ke faɗawa don rashin sani. Tun dokar 21 ga Agusta 2007, direban bis ko tiram ko jirgin ƙasa da zai shiga yajin aiki dole ya sanar da kamfani aƙalla awa 48 kafin ya shiga, don su san motocin da za su fita su gaya wa fasinja. In ka sanar sannan ka canza ra'ayi kana so ka yi aikinka, shi ma sai ka faɗa awa 24 kafin. Wanda ya ƙi zuwa haka kawai ba tare da ya sanar ba ya ba shef ɗinsa sandar da zai doke shi da ita. Don haka ka je wajen delegenku, wato wakilin sandika, ya nuna maka yadda ake cike sanarwar a depo ɗinku, ka cike, ka ɗauki hotonta a waya ka ajiye. Ka tambaye shi kuma wane irin yaji suka kira, don a harkar sufuri sau da yawa ba yini guda ake yi ba, akwai na minti 59 da suke yi a lokacin cunkoso saboda abin da ake yankewa kaɗan ne, ka ga in irin wannan ne ma duk lissafin yayanka ya rushe.

Sai babban laifin da na ce zan dawo kansa, nan ka buɗe kunne da kyau. Tsayawa a bakin depo da jar riga ana shan kafe ana waƙa ba laifi ba ne. Tare ƙofa a hana motoci fita, ko hana abokin aikin da ya zaɓi ya yi aiki, ko ƙona taya, ko sa hannu a jikin wani, ko cacar baki da 'yan sanda har a kai ka komisariya, wannan shi ne abin da zai iya cin aikinka kuma ya bi ka har prefektir, don su abin da suke kira barazana ga zaman lafiyar jama'a dalili ne na hana karti ko ƙwace shi. Abokin aikinka Bafaranshe in an kama shi zai kwana ya fito ya koma gidansa, kai kana da abin da za ka rasa wanda shi ba ya da shi. Ka shiga yajin da mutuncinka, in ka ga jini ya fara hawa an fara jawo kwantena ana tare hanya ka ja jikinka ka tafi gida, babu delegen kirki da zai ga laifinka, su ma sun san halin masu karti.

Abin da kuke nema kuwa ni ban ga aibinsa ba. Wannan raba yini biyu da suke kira kupir shi ne ke cinye direba, a takarda awa bakwai ko takwas ka yi, a jiki kuwa tun asuba har dare kana hannun kamfani, ba ka isa ka koma ɗaki ka kwanta ba don nisa, sai zaman kujerar roba a ɗakin hutu kana gyangyaɗi da waya a hannu. Kuma ba daga sama abin ya faɗo ba. Hukumar sufurin yankin, Île-de-France Mobilités, ta rarraba layukan bis kashi kashi tana ba kamfanin da ya ci takara, kamfani kuma in yana so ya ci sai ya rage farashi, gazuwal ba ya raguwa, kuɗin mota ba ya raguwa, to daga ina za a rage in ba daga lokacin direba ba, mintocin hutu a tarminis da tsawon yini da ranakun hutu. A kan irin wannan ne direbobin Seine-et-Marne suka yi makonni suna yaji a ƙarshen 2021. Mutumin da ke ɗauke da rayuka sittin ko saba'in a bayansa in ya ce yana son ya yi barci isasshe kuma ya samu inda zai kama ruwa, ba rigima yake nema ba. Kuma duk abin da aka sa wa hannu a teburin nan kai ma za ka ci, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban ce dole ka shiga ba, wanda ya zaɓi ya yi aiki ranar shi ma haƙƙinsa ne, amma in za ka ƙi, ka ƙi don lissafin aljihunka, ba don ƙaryar wani ba.

Yanzu mai yuro 450. Ƙanena ka rabu da mutumin nan yau ba gobe ba, kar ka ba shi kofin fasfo, kar ka ba shi lambar kartinka, in ka riga ka ba shi kalmar sirrin akawun ɗinka na intanet ka canza ta kafin ka gama karanta wannan. Randebun prefektir kyauta ne. Na san wahalar samunsa, mutum ya kwana yana danna waya babu gurbi, kuma wannan wahalar ce irin su suke ci da ita. Ka lura da yadda ya yi maka, sai da ya fara cusa maka tsoro sannan ya fito da maganin tsoron da farashinsa. Kalmar da ta fi tayar min da hankali a saƙonka ita ce "ya gyara min dosiye". Me za a gyara a dosiyen mai CDI na shekara uku? Na ga ƙarshen irin wannan gyaran da idona. Wani yaro ɗan wajen Keita, mahaifinsa ya zo ya same ni nan Yamai da takardu a cikin leda baƙa hannunsa na rawa, yaron yana da aikinsa na halal amma wata biyu albashinsa ya yi ƙasa saboda jinya, sai wani mai gyara ya buga mishi fish de pe na jabu don lamba ta yi kyau. Prefektir suka tuntuɓi kamfani, lambobi suka ƙi haɗuwa, maimakon sabon karti sai takardar barin ƙasa ta zo mishi, OQTF. Mai gyaran ya canza lambar waya. Da yaron ya kai takardunsa na gaskiya da shaidar likita da babu abin da zai same shi. Har yau in na tuna fuskar dattijon nan raina ɓaci yake.

Abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne kwanan wata. Saura wata uku da kwanaki ka ce, to lokaci ya riga ya kama. Dosiyen da ake turawa ta intanet tsakanin kwana 120 da kwana 60 kafin kartin ya mutu ake tura shi, wanda ake kaiwa hannu kuma cikin wata biyun ƙarshe, ka duba shafin prefektir ɗinku ka ga wace hanya suke bi da irin kartinka. In gurbi ya ƙi samuwa ka riƙa ɗaukar hoton allon duk lokacin da ka gwada da kwanan wata a jiki, ka aika musu wasiƙa mai rasit ka ajiye rasit ɗin. La Cimade, ƙungiyar taimakon baƙi, suna duba dosiye kyauta, sandika ma da yawa suna da ranar da masanin doka ke zama. Ka duba fasfonka shi ma kar ya zo ya mutu a tsakiya.

Sai maganar gida, kuma a nan zan faɗi abin da yayanka ba zai so ji ba, in ka ga dama ka tura mishi ya karanta. Yaya yaya ne, girmansa na nan, ba zan ce ka ɗaga mishi murya ba. Amma "ban yarda ba" a kan aikin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai san dokarta ba, wannan ya wuce gona da iri. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Shi yana ganin saƙon kuɗi na shigowa kowane ƙarshen wata, yuro 100 ya zama jika 65 da 'yan kai, bai ga kai da kake tashi 4 na dare cikin sanyi kana riƙe fitsari awa uku har mararka na ciwo ba. Mu mutanen Adar mun gaji ci-rani tun kakanni, daga Abidjan har Libiya, kuma mun gaji wata ɗabi'a tare da shi, ta mayar da wanda ya fita kamar rijiya, kowa ya zo da gugarsa babu mai tambaya ko ruwan ya ja baya. Wannan ba zumunci ba ne, zalunci ne ko da ɗan uwa ne ya yi shi. Haƙƙin Inna daban, abincinta da maganinta kar ka taɓa su ko yajin wata guda za a yi. Siminti kuwa ba ya ruɓewa don an jinkirta sayensa wata ɗaya, gini ya jira.

Ka kira shi da kanka ba saƙon murya ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Yaya wata mai zuwa abin da zan turo zai ragu da kaza, na Inna na nan yadda yake, na gini sai wata na gaba. Ka faɗi adadi, kar ka bar shi a buɗe, kuma kar ka ci bashi a can don ka cike gurbin, na ga waɗanda suka shiga kiredi don kar a ce sun gaza har yau biya suke.

Bikin ƙanwarku kuma, Allah ya sanya alheri, amma in sabon karti bai shigo hannunka ba kar ka taka jirgi. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, in ka zo da resepise, wato takardar wucin gadi ta mai jiran karti, wani abu ya gitta, ko ta ƙare kana nan ko aka ƙi ka a filin jirgi, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a Nijar, sai ka kama hanyar wata ƙasa neman bizar komawa, aikinka kuma na can yana jiran wanda ba ya zuwa. Ka tura gudunmawarka daidai ƙarfinka, ka kira amarya ka yi mata bayani da bakinka kafin wani ya kai mata magana a karkace, in karti ya fito ka zo ka gan ta a ɗakinta.

Gobe in ka sauka daga tuƙin safe, cikin zaman kupir ɗin nan, ka nemi delege ka nuna mishi kartinka da ranar mutuwarsa, ka tambaye shi ranar da masanin dokarsu ke zama. Ka rubuto min abin da ya ce maka. A gaida Inna in kun yi waya.